Risibar Ƙarfe Huɗu

Sallama gare ku 'yan uwana masu leƙo wannan shafi. Jiya wata ta rubuto mini a ƙasan labarina tana cewa, "Anti Safinatu, ke fa kin cika zargi." Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Ban musa ba, 'yar nan. Amma ba da shi aka haife ni ba, koya na yi, kuma wata baƙar akwati mai maɓallai biyar ce ta koya mini. Ku gyara zama.

Shekarar 1997 ce, da bazara. Ina da shekara ashirin da ɗaya, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare a nan Gumel. Ina da saurayi, Abdulmuttalib, muna ce masa Muttalib. Kada ma wata ta fara tausaya mini, ba wanda ya haɗa ni da shi, ni na gani na ce ina so. Dogo ne, wankan tarwaɗa, ga siririn gashin baki kamar an ja da biro. In ya sa shaddarsa ruwan toka mai baƙin aiki a wuya, ya kafa hula, ya feso turaren nan nasa ɗan Damagaram, tun babur ɗinsa yana kwanar layinmu nake jin gabana yana faɗuwa. Shago gare shi a Maigatari, yana sayar da rediyo da talabijin, yana kuma kafa wa masu hali dish, wato ƙaton farantin nan mai kamo tashoshin ƙasashen waje.

Abin da ya gaya mana game da kansa kaɗan ne. A Magarya aka haife shi, can tsallaken iyaka. Iyaye sun rasu. Ba wa, ba ya, ba ƙani, ba ƙanwa, sai wani kawu a Sule Tankarkar wanda zai karɓa masa aure. Iya, mahaifiyata, in ta tuna haka har ƙwalla take yi.

"Maraya ne gaba da baya, Safinatu. Ki riƙe shi amana."

A zamanin ba wayar hannu, saƙonmu a takarda yake. Duk Litinin direban motar haya zai tsaya a ƙofar makarantarmu ya miƙo mini shuɗiyar ambulan. Rubutun Muttalib irin na waɗanda suka yi makaranta a Nijar ne, haruffa a sarƙe da juna, harafin L ɗinsa kuwa lanƙwasa biyu gare shi, sama da ƙasa, kamar igiyar da aka yar a ƙasa. Na san rubutun nan fiye da nawa. Wata Litinin ya rubuto:

"Lafiya lau nake, hasken idona, sai kewarki. Ran Asabar zan kawo wa Baba abin da zai sa ya ga Makka yana zaune a falonsa."

Ya kuwa cika alkawari. Ran Asabar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidanmu ɗauke da faranti wanda ya fi rufin rumbunmu faɗi. Kafin azahar an kafa shi a tsakar gida, kusa da bishiyar dalbejiya, yana kallon gabas. Muttalib ya jawo baƙar waya ta taga zuwa falon Baba, ya ciro risiba, wato baƙar akwatin nan mai maɓallai biyar, daga cikin wani tawul, ya ɗora a kan talabijin.

"Sabuwa dal ce, Baba. Shekaranjiya ta iso."

Da ya kunna, sai ga mutane farare fat suna kewaya Ka'aba, a daidai wannan lokacin, ba hoto ba, ba kaset ba. Iya ta dafe ƙirji ta zauna daɓas a kan darduma tana salati. Baba, Alhaji Isa mai hatsi, wanda ban taɓa ganin ya rasa ta cewa ba, ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Daga ranar falonmu ya koma dandali. Daga ranar kuma, a gidanmu, Muttalib ba ya laifi.

Ni aka koya wa sarrafa ta, tunda ni ce 'yar boko. Ya durƙusa gaban talabijin, ni ina gefe da gyalena ruwan hoda, ina jin ƙamshinsa.

"Wannan na farko shi ne kunnawa da kashewa. Waɗannan biyun, gaba da baya, su ke canja tasha, ga lambar tashar nan tana fitowa da jan haske. Waɗannan kuma ƙara sauti da ragewa. Kin gane?"

"Na gane. Bayanta fa?"

"Bayanta ba ruwan kowa." Ya tura ta har ta manne da bango, ya karɓi ƙyallen saƙa na kan rediyon Baba ya lulluɓe ta. "Akwai wuta a nan, tana iya jan mutum. Ko shara za a yi, kada a juya ta."

Ya faɗa da murmushi, amma bai kalle ni ba. Kuma ni a raina na ce, sabon abu ai a kwali yake zuwa, da ledarsa da littafinsa. Wa ya taɓa ganin sabon kaya a tawul? Na haɗiye maganar, na ce ƙila a kan iyaka aka yaga kwalin.

Sai rimot. Da na riƙe shi da daddaren farko ban lura ba, sai da safe a hasken rana. Maɓallai biyu sun goge, rubutunsu ya tafi, sun yi santsi kamar tsohon tasbaha. A gindinsa kuma, wajen murfin batir, akwai wani siririn zane da ya kewaye shi, irin wanda zare ke bari in ya daɗe a ɗaure da abu. Na juya shi, na juya shi. Wa ke ɗaure rimot da zare?

Abin da ya tsinka mini zuciya kuwa ran Litinin ya fara. Bayan la'asar Iya tana kallon wa'azi a tashar Larabawa, ba ta jin ko kalma amma tana gyaɗa kai. Agogon bango ya buga huɗu. Sai ƙyal, jan hasken nan ya tashi daga lamba biyu ya koma sha huɗu, ba wanda ya taɓa komai. Malamin ya ɓace, ga wata mata a shagon ɗinki tana magana da Faransanci.

"Safinatu, ke kika canja?"

"Iya, ga rimot can a kan tebur."

Talata haka. Laraba haka. Ko a kashe take, da huɗu ta yi sai ta farka da kanta ta tafi sha huɗu. Ran Alhamis Iya ta turara falon da hayaƙin habbatussauda, ta tofe kusurwa huɗu, ta ce daman ta san abin da ke jawo hoto daga sama ba zai rasa jawo wasu bayin Allah ba. Ni kuwa na fara zama ina kallon matar nan mai ɗinki. Wasan kwaikwayo ne na kullum, minti arba'in. Ba na jin yaren, amma na gane 'yarta ce ta ɓace tana nema.

Da Muttalib ya zo zance ran Juma'a, muna zaune a zaure, na sa atamfata kore mai zanen ganye, na ɗaura ɗankwali ture-ka-ga-tsiya, na bari sai da ya sha zoɓo ya saki jiki.

"Yaya Muttalib, risibar nan fa da ƙarfe huɗu tana juyawa da kanta."

Kofin ya tsaya a hanyar bakinsa. Ƙiftawar ido ne, amma na gani.

"Haka kamfani ke saita su."

"Duk risiba?"

"Wasu. Zan gyara."

"Rimot ɗin ma kamar ya sha hannu."

"Safina," ya yi dariya, "ke malamar makaranta ce ko 'yar sanda? A shago ake gwada su, kowa ya zo ya latsa."

Ya shiga yabon lallen hannuna. Ya tafi bai gyara ba, wai ya manta, kuma Baba yana falon da baƙi. Mako ya zagayo, ya sake mantawa. Daga baya na fahimci kafin a kashe abin sai an buɗe wani shafi a fuskar talabijin, shi kuma ba ya son a buɗe shafin nan gaban kowa.

Na gwada yi wa Iya maganar. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Yaro ya kawo wa ubanki abin da ko hakimi sai ya yi tunani kafin ya saya, ke kina lissafin maɓalli? Asabar ta sama kawunsa zai zo a sa rana. Ki kama bakinki, kada ki jawo mana abin kunya."

"Iya, ni fa tambaya na yi."

"Tambayar ce ba na so."

Ku da kuka san gidajenmu kun san inda maganar ta tsaya. Amma ni barci ya fara yi mini wuya. In ba sabuwa ba ce, ta wa ce? Ta sata ce? Ko ta wani ce da ya kawo gyara? In ya iya kallon idon Baba ya ce sabuwa dal, me kuma ya kalli idona ya faɗa?

Maƙwabcinmu katanga ɗaya shi ne Malam Jethro, mutumin Kagoro, ma'aikacin wuta a ƙaramar hukuma. Baban Joyce muke ce masa. Shekara goma sha biyu muna tare, matarsa Paulina ita ta yi jinyar Iya lokacin da ta karye. Ran Talata Baba ya tafi Gagarawa awon gero, sai na ce wa Iya, tunda hayaƙi bai kore su ba, mu gwada Baban Joyce. Ta yarda, don ita ma abin ya ishe ta.

Ya shigo da sallama, da 'yar jakarsa da tocila. Ya zare filogi daga bango, ya yaye ƙyallen, ya juyo da risibar.

"An ce tana jan mutum," na ce.

"Wa ya faɗa? Ba ta da wuta yanzu ko ta kunna ashana. Matso ki gani, Malama."

Karo na farko ke nan na ga bayanta. Ramuka ne a jere, kowanne da ɗan rubutu a ƙasa. Ya riƙa nuna mini da bakin biro.

"Wannan mai zare kamar na ƙusa, nan wayar dish ke shiga, murɗa ta ake yi. Waɗannan ukun masu launi, rawaya hoto ne, fari da ja sauti, su ne suka tafi talabijin ɗinku. Wannan dogon mai haƙora da yawa, na talabijin irin na ƙasashen Faransa ne, mu nan ba mu cika amfani da shi ba. Duba cikinsa."

Na leƙa. Haƙoran sun yi ƙyalli, gefen ramin duk ƙarce.

"An sha sawa ana cirewa," ya ce. "Wannan akwati ta yi shekara uku tana aiki, in ban ƙara ba. Juyawar da take yi kuwa ba aljani ba ne, Iya. Agogo gare ta a ciki, da ɗan batir. Wani ne ya saita ta, kullum ƙarfe huɗu, tasha sha huɗu, don kada shirinsa ya wuce shi."

"To Alhamdulillahi," in ji Iya, ta tashi ta tafi duba tukunya. Ita iyakar abin da ta ji ke nan: ba aljanu.

Baban Joyce ya rage murya. "Ga wani kuma. Wannan zagayayyen na ƙarshe, in kana son ka ja hoto zuwa talabijin na biyu a wani ɗaki, nan kake sa doguwar waya. Ku ba ku sa komai a ciki ba. Amma dubi samansa."

Akwai tabon gam mai kusurwa huɗu, inda aka taɓa manna filasta aka ɓamɓare. An kankare da abu mai kaifi har fenti ya tashi. Ya ɗaga risibar sama ya haska ƙarƙashinta da tocila. Filastar ashe doguwa ce, ta naɗo ta ƙasa, mai ɓamɓarewa ya yage ta sama ya manta da wadda ta lanƙwasa ciki. Ta yi baƙi da datti, amma rubutun shuɗin biro yana nan.

Ɗakin Laure.

'Yan uwa, ba sunan ne ya fara dukana ba. L ɗin ne. Lanƙwasa biyu, sama da ƙasa.

Baban Joyce ya mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya lulluɓe ta yadda ya same ta.

"Malama Safinatu, ni abin da ƙarfe ya nuna na gaya miki. Abin da mutum ya yi, ban sani ba. Kada ki yanke hukunci sai kin gani da idonki."

Wace ce Laure? Kwana biyu tambayar nan tana cina. Mace ce da ke da ɗaki a gidan da Muttalib ya ja waya da hannunsa, ya rubuta sunanta da biron da yake rubuto mini hasken idona. Na fito da wasiƙunsa goma sha tara daga ƙasan adakata na baje a gado ina duba L ɗaya bayan ɗaya, ko zan samu wanda ya bambanta. Babu.

Mutum ɗaya na sani da za ta iya: Goggo Kyauta, yayar Baba. Duk Alhamis tana Maigatari cin kasuwa, tana saro turaren wuta da atamfa daga matan Nijar, kuma ba gidan da ba ta san abin da aka dafa a cikinsa ba. Na same ta tana ƙulla kaya, na zayyana mata komai. Ta daɗe tana tauna goro.

"Ubanki ya yi bincike, ya ce."

"A wajen 'yan kasuwa ya tambaya, Goggo."

"Maza! Su in mutum yana sallah a sahu yana cika alkawarin kaya, shi ke nan sun san shi." Ta tofar da tuƙa. "Ki nemi izini a makaranta. Ki sa mayafi mai duhu."

Ran Alhamis muka shiga motar farko. Maigatari ta cika maƙil, manyan motoci sun yi layi har bakin iyaka, raƙuma da shanu ana kora su kara. Muka bi ta bayan layin masu rediyo don kada Muttalib ya hango mu. Na hango shi ni, daga nesa, a ƙofar shagonsa yana dariya da wani Buzu. Zuciyata ta yi masa abin da ta saba, na ji haushin kaina.

Goggo ta tsaya wajen masu fura, ta tsaya wajen mai kitso, ta yi gaisuwa mai tsawo da wata mai daddawa. Ba ta ambaci Muttalib ba ko sau ɗaya. Laure kawai take cewa, wai an ba ta saƙo daga Magarya. A wajen ta huɗu aka ce, "Laure ta gidan Safara'u? Bayan kara, gida mai faranti a kan soro."

Ƙaramin gida ne na ƙasa, an shafe da siminti. Ga dish kuwa a sama. Wata dattijuwa, ita ce Safara'u mai gidan, ta amsa sallamarmu tana wanke-wanke, ta nuna mana ɗaki mai shuɗin labule. Na tsaya a ƙofar ina gyara mayafi. Na riga na shirya fuskar da zan gani: kyakkyawa, da goyo, ƙila da ciki. Na shirya har abin da zan ce.

"Ku shigo mana," aka ce daga ciki.

Mace ce da za ta kai talatin da biyar, a kishingiɗe a gadon ƙarfe, an tokare bayanta da matasai uku. Fuskar Muttalib ce sak, har hancin, har yadda gira ɗaya ta fi ɗaya tashi. Daga ƙugu zuwa ƙasa an rufe ta da zani, kuma zanin a shafe yake, ƙafafun sun ƙanƙance kamar na yarinya. Ɗakin fes, yana ƙamshin turaren wuta. A gabanta ƙaramin talabijin a kan tebur, a kashe. Wata baƙar waya ta shigo ta saman ƙofa tana lilo, bakinta ba a haɗe da komai ba. A ƙarfen gadon, kusa da hannunta na dama, jan zare ne a ɗaure, ƙarshensa da ɗan zarge, ba komai a ciki.

Ta ƙura mini ido, sai fuskarta ta washe.

"Safinatu! Wallahi ke ce! Safara'u, zo ki ga amaryarmu! Kin fi hotonki kyau. Zo nan, zo kusa, ni ba na iya tasowa."

Ta kama hannuna da hannu biyu. Na kalli Goggo, Goggo ta kalli rufin ɗaki.

"Kullum sai na ce masa, Muttalib, yaushe za ka kawo mini ƙanwata? Sai ya ce makaranta ta riƙe ki. Gaisuwarki dai tana isowa duk Juma'a. Turmin atamfar da kika aiko mini da salla, ga shi can, na ce ba zan ɗinka ba sai bikinku."

Ban aika da atamfa ba. Ban aika da gaisuwa ba. Ni da aka ce mini ba ya, ba ƙanwa.

"Ke ce... yayarsa?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na goye shi. Ni na riƙa kai shi lakwal, makarantar boko, a kafaɗa." Ta yi dariya. "Yanzu shi ke ɗaukata. Ya ce kin ce in an yi biki tare za mu zauna, ba za ki bar ni a gidan haya ba. Na yi kuka ranar, Safinatu. Ba kowace mace ba."

Me zan ce? Goggo ce ta cece ni, ta shiga tambayarta jiki. Laure ta ce shekara huɗu ke nan, tsautsayi ne ya faɗa mata, ba ta ƙara komai a kai ba. Ta ce da sauƙi, abu ɗaya ne kawai ya dame ta kwanan nan, zaman shiru.

"Akwatin tele ɗina ya lalace, Muttalib ya kai Kano gyara, yau kusan mako uku. Da shi nake ganin duniya. Ya ja mini waya daga ɗakinsa, ya ɗaure mini abin latsawar a nan don kada ya faɗi in rasa mai miƙo mini. Akwai wani wasa da nake bi, na wata mai ɗinki da 'yarta ta ɓace. An bar ni a daidai inda ta samu takalmin yarinyar a tasha. Ko ta gan ta, oho."

"Ta gan ta," na ce. "Shekaranjiya. A asibiti, ashe wata nas ce ta riƙe ta."

Wallahi fita maganar ta yi da kanta. So nake in ba ta wani abu, ko ɗaya, wanda ba ƙarya ba.

"Kai! Alhamdulillahi!" Ta tafa hannu. Sai tafin ya tsaya. "Kuna da faranti a gidanku?"

"E."

"Tun yaushe?"

Na kalli wayar nan mai lilo a saman ƙofa, ita kuma ta ci gaba.

"Tasha ta nawa kike kamawa?"

"Sha huɗu."

"Ke kike kai ta sha huɗun," ta faɗa a hankali, "ko ita ke zuwa da kanta?"

Daga waje ana jin kukan shanu da ihun dillalai. Laure ta saki hannuna, ta kai nata kan jan zaren nan, ta riƙa naɗa shi a yatsa tana warwarewa. Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi.

"Atamfar ma ba ke ba ce," ta ce.

"Ba ni ba ce, Yaya. Ban san da ke ba sai yau. Cewa ya yi ba shi da kowa."

Ta gyaɗa kai, ta daɗe tana gyaɗawa.

"Sau biyu yana neman aure a Magarya. Da an zo an gan ni, sai a ce 'yarsu ba za ta yi aikin jinya ba. Tsoro ne ya sa ya ɓoye ni, ba mugunta ba." Ta juyo ta kalle ni. "Kada ki ƙi shi saboda ni. Ku riƙe akwatin, ni na saba da bango."

A mota, da muka wuce rabin hanya, Goggo ta juyo ta kalle ni. Sannan ta ce, "In gaya wa ubanki, ko ke za ki gaya masa?"

"Ba ni ba, ba ke ba, Goggo. Wanda ya yi ƙaryar shi zai faɗa."

Washegari Juma'a, jajiberin zuwan kawunsa. Bayan an sauko daga masallaci Muttalib ya iso cikin farar shadda, ya shiga falo gaida Baba. Su biyu ne kawai, suna kallon labarai. Na yi wanka, na sa leshina ruwan zuma wanda ya fi so, na zizara kwalli, don kada ya ce ɓacin rai ne ya sa na fita hayyacina. Na yi sallama, na durƙusa na gaida Baba. Sannan na wuce gaban talabijin na zare filogi.

"Ke, lafiya?" in ji Baba.

Na yaye ƙyallen, na juyo da ita. Na cire rawaya. Na cire fari, na cire ja. Na murɗe wayar dish. Na ɗora rimot a kai, na ɗauko ta na ajiye a gaban Muttalib, na kifa ta yadda filastar za ta kalle shi.

"Ka mayar wa mai ita. Jiya na je gaishe ta."

Kun taɓa ganin mutum ya tsufa a zaune? Ranar na gani. Leɓensa ya bushe, ya kalli filastar, ya kalle ni.

"Wace mai ita?" Baba ya gyara tabarau ya sunkuyo. "Wace ce Laure?"

Muttalib bai ji shi ba ma. Ni yake kallo, muryarsa can ƙasa kamar ta mai zazzaɓi.

"Ta gaya miki zancen motar?"

"Wace mota?"

Sai a lokacin ya gane. Laure ba ta ce mini komai game da wata mota ba, ko a cikin ɓacin ranta ba ta tona shi ba. Shi ya tona kansa. Ya cire hularsa ya ajiye a kan risibar, ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suka fara rawa.

"Yayata ce, Baba. Ni nake tuƙi ranar. Ta ce in rage gudu, na yi mata dariya."

Na yunƙura zan fita, don na san irin wannan magana ba a yin ta gaban 'ya mace. Baba ya ɗaga hannu.

"Ina za ki? Turo ƙofar nan ki dawo ki zauna. Aurenki ne, da kunnenki za ki ji." Ya juya ga Muttalib, ya tura masa kofin ruwa da ƙafar sandarsa. "Sha. Sannan ka faro mini daga Magarya, kada ka tsallake ko kwana ɗaya."